Karatun Bayokemistiri A Jami'a: Abin Da Ya Kamata Iyaye Su Sani

Wannan jawabi ne da wani malamin kimiyya ya yi wa iyayen yara da ɗaliban azuzuwan yaƙi da jahilci a Fagada. Mun kawo muku shi domin amfanin masu karatunmu na ƙasashen Jega da Aliero da Maiyama.

 

Ranka ya daɗe mai gari, masu unguwanni, liman da malamanmu, iyayena maza da mata, malaman yaƙi da jahilci da ɗalibansu, samari da 'yan mata, ina gaishe ku baki ɗaya. An ce in yi muku bayani a kan wani karatu da ake yi a jami'a, mai suna Bayokemistiri, da ɗan'uwansa Bayofizis. Sunayen suna da nauyi a baki. To amma ku ba ni aron kunnuwanku, za ku ga ashe abin yana cikin gonakinku da tukwanenku da jinin jikinku.

Ga dalilin wannan magana. Kowace shekara idan jami'o'i suka fitar da sunayen waɗanda suka ɗauka, akan sami yaro ya nemi karatun likita, amma aka ba shi Bayokemistiri. Daga nan sai gida ya kasu biyu. Wasu tun ranar su fara kiransa Dakta, idan ya zo hutu a riƙa kawo masa marasa lafiya. Wasu kuma su ce an cuce shi, ya zauna gida ya sake jarrabawa baɗi. Baɗi ta zo ta wuce, wata ma ta wuce, ƙarshe yaro ya tafi ci-rani. In mace ce a ce karatun ya isa haka nan. Duka biyun rashin sanin abin ne ya kawo su.

To mene ne Bayokemistiri? Kalma ce mai gida biyu. Bayo na nufin rai. Kemistiri kuwa ilmin sinadarai ne, wato ƙananan abubuwan da aka gina komai da su, da yadda suke haɗuwa su rikiɗe su zama wani abu. Idan an haɗa, sai ya zama ilmin sinadaran da ke aiki a cikin abu mai rai, mutum ne ko dabba ko tsiro. Yaya tuwon da ka ci da dare yake zama ƙarfin da za ka yi huɗa da safe? Yaya madara take zama kindirmo? Yaya kalwa take zama daddawa? Waɗannan su ne tambayoyinsa.

Iyayena mata, bari in fara da ku. Idan za ku yi kunun zaƙi, kukan zuba niƙaƙƙen dankali ko tsiron hatsi a cikin gasarar da aka dama. Bayan ɗan lokaci sai kunun ya tsinke, ya yi zaƙi tun ba a sa sukari ba. Me ya faru? A cikin dankalin da tsiron akwai wani sinadari da ke yayyanka sitacin hatsi, ya mai da shi sukari. Irin wannan sinadari shi ake kira inzayim. Aikinsa kamar na dillali ne a kasuwar Jega. Yana haɗa ciniki, ya sa a gama da wuri, shi kuwa ba a sayar da shi, sai ya juya ya kama wani cinikin. A jikin ɗan Adam akwai irin waɗannan dillalai dubbai, kowanne da hajar da yake yi wa dillanci. Babban sashe na karatun Bayokemistiri sanin su ne, da abin da ke sa su aiki, da abin da ke tsayar da su.

Yanzu mu koma gona. A wannan yanki namu ba a yi wa kowa bayanin albasa, sunan Aliero ya kai nesa saboda ita. Kowa ya san in an yanka ta ana hawaye. Albasa tana tsotsar sinadarin farar wuta daga ƙasa, ta ajiye a jikinta. A wani ɗaki daban kuma ta ajiye inzayim. Muddin ba a yanka ta ba, ba sa haɗuwa. Da wuƙa ta ratsa, sai ɗakunan su fashe, su gamu, wata iska mai yaji ta tashi ta shiga ido. Sai a shekarar 2002 wasu masana a ƙasar Japan suka gano ainihin inzayim ɗin da ke fitar da wannan iska. Ku duba, abin da kowace mace ta sani tun kaka da kakanni, amma sirrinsa bai daɗe da bayyana ba.

Hawaye ƙaramin abu ne. Babban abin shi ne ajiya. Kun san yadda ake yi. Lokacin cirar albasa tana araha, kowa na son ya ajiye a rudu har kuɗi su hau. Amma idan aka buɗe bayan watanni, sai a tarar wata ta ruɓe, wata ta tsira, wata ta motse ta rage nauyi. Masanin wannan ilmi zai ce maka albasar da ka cire ba ta mutu ba. Tana da rai, tana numfashi. Tana cin sukarin da ke jikinta, tana fitar da zafi da laima. Kusan kashi tara cikin goma na jikinta ruwa ne. Idan aka tara ta inda iska ba ta ratsawa, zafin da laimar su taru, ƙwayoyin cuta su sami wurin zama. Idan wuyanta bai bushe ya rufe ba kafin a ajiye, ta nan suke shiga. Idan kuma an cika mata takin yuriya a ƙarshen lokaci, ko an ci gaba da ban ruwa har gab da cira, wuyan yakan yi kauri ya ƙi bushewa, ba ta jure ajiya. Manoma da yawa sun san wannan da gogewa. Abin da yaron da ya yi karatun zai ƙara shi ne awo. Zai iya auna ruwan da ke cikinta, da sukarinta, da zafin rudun, ya gwada wannan iri da wancan, ya faɗi wanda ya fi jimiri da hujja. Ni a ganina, jami'ar da ke zaune a tsakiyar gonakin albasa, babu binciken da ya fi cancanta ɗalibanta su yi kamar wannan.

Haka gyaɗa da masara. Idan aka ajiye su da sauran laima, wata funfuna takan kama su, ta bar guba mai suna afulatoksin. Dafuwa ba ta kashe ta, suya ma haka, saboda haka tana iya bin gyaɗa har cikin ƙuli-ƙuli. Tana lalata hanta. An gano ta ne bayan 1960, lokacin da talo-talo kimanin dubu 100 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa musu da tunkuzar gyaɗa. A 2004 ta kashe mutum 125 a ƙasar Kenya ta hanyar masara. Marigayi Farfesa Olumbe Bassir na Jami'ar Ibadan, ɗaya daga cikin magabatan wannan ilmi a Nijeriya, ya yi bincike a kanta. Ido ba ya ganin gubar, harshe ba lalle ya ji ta ba. Sai a ɗakin gwaji.

Mu dawo jikin mutum, a nan ne zan ɗan daɗe, domin maganar ta shafi aure da haihuwa.

Akwai gidajen da ake haihuwar yaro, ya yi ta ciwon gaɓoɓi, idonsa ya yi ɗorawa, cikinsa ya kumbura, a yi ta kai shi asibiti ana ƙarin jini. Wannan shi ne amosanin jini, wanda ake kira sikila. Da can wasu na ɗora laifin a kan iska ko sammu, ko a kan uwar yaron. Ga abin da wannan ilmi ya gano. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai sinadari mai ɗaukar iskar numfashi daga huhu ya kai ko'ina a jiki. Sunansa himogulobin. An gina shi da wasu sarƙoƙi, ɗaya daga cikinsu tana da zobba 146. A jikin mai sikila, zobe ɗaya tak, na shida, shi ne aka musanya da wani. Sauran 145 lafiyarsu lau. Wannan zobe ɗaya shi ke sa ƙwayar jini ta lanƙwashe kamar lauje idan iska ta yi mata ƙaranci, ta toshe ƙananan hanyoyin jini, ciwo ya tashi. Lafiyayyar ƙwayar jini takan yi kwana 120 tana aiki. Ta mai sikila kwana 10 zuwa 20 take yi ta mutu. Shi ya sa jini ke yawan ƙare musu.

Wani masani a Amurka, Linus Pauling, shi da abokan aikinsa suka nuna a 1949 cewa himogulobin na mai sikila ya bambanta da na sauran mutane. A 1956 da 1957 Vernon Ingram, a Ingila, ya gano ainihin zoben da ya canza. Amfanin wannan a gare mu shi ne gwajin jini kafin aure. Mai AS lafiyarsa ƙalau, ba ya jin komai. Amma idan AS ya auri AS, kowane ciki da aka samu yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zama SS. Ku lura, kowane ciki na ce. Ba wai idan an haifi mai sikila ɗaya, ukun da ke biye sun tsira ba. Kuma daga uba da uwa ne gaba ɗaya, ba daga uwa kaɗai ba. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu wannan ciwo. A 2024 Jihar Kano ta yi doka da ta wajabta gwaji kafin aure. Mu ma ba sai mun jira an tilasta mana ba, kuma a yi gwajin tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, tun zukata ba su yi nisa ba.

Yadda ake yin gwajin shi zai kai mu ga Bayofizis. Ana ɗiga jini a kan wata takarda mai laima, a sa mata wutar lantarki. Himogulobin na A yakan yi gaba da sauri, na S ya biyo baya, saboda zoben nan da ya canza ya rage masa ƙarfin amsa kiran lantarkin. Sai ma'aikaci ya duba inda kowanne ya tsaya, ya rubuta AA ko AS ko SS. To Fizis ilmin ƙarfi ne da zafi da haske da lantarki da motsi. Bayofizis kuwa shi ne amfani da waɗannan a fahimci abu mai rai. Yaya zuciya ke bugawa da ɗan lantarkin da take yi wa kanta? Yaya ruwa ke hawa daga saiwar giginya har ƙololuwarta ba tare da famfo ba? Yaya ƙashi ke ɗaukar nauyi?

Maganar ƙashi ba baƙuwa ba ce a nan, tun da daga garuruwa masu nisa ake zuwa Aliero neman ɗori. Ƙashi kamar ginin siminti da rodi ne. Kimanin kashi biyu cikin uku nasa sinadari ne mai tauri irin na alli, sauran kuwa wani zare ne mai danƙo da ke hana shi tsagewa. Hoton ƙashi da ake ɗauka a asibiti, wani Bajamushe mai suna Wilhelm Rontgen ne ya gano haskensa a 1895. Da irin wannan hasken ne aka gano siffar sinadarin gado, wato DNA, a 1953, kuma hoton da ya taimaka ƙwarai daga ɗakin gwajin wata mace ya fito, Rosalind Franklin. Da shi ne kuma Max Perutz ya gano siffar himogulobin a 1959, bayan ya shafe fiye da shekara 20 yana kan aikin. A jami'o'inmu na nan kusa, yawanci ba a ba da digirin farko mai sunan Bayofizis shi kaɗai. Darasi ne da ake haɗuwa da shi a cikin Fizis ko Bayokemistiri, mai so ya zurfafa a digiri na biyu.

Misali ɗaya ya rage, ba zan tsallake shi ba saboda yara. Ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, me ya sa ba gishiri kaɗai ba? A 1960 wani masani, Robert Crane, ya bayyana cewa a bangon hanji akwai wata ƙofa da ba ta buɗewa sai gishiri da sukari sun zo tare. Idan suka shiga, ruwa ya bi bayansu. A 1971 cutar amai da gudawa ta ɓarke a sansanin 'yan gudun hijira a Indiya, ruwan da ake ƙarawa ta jijiya ya ƙare. Wani likita, Dilip Mahalanabis, ya koma ba da wannan haɗi ta baki. Mace-mace suka sauko daga kimanin kashi 30 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 4. Saboda haka idan an ba ku ƙunshin a asibiti, ku haɗa shi da ruwa mai tsabta daidai yadda aka ce, kada ku ƙara kada ku rage.

To ina ake wannan karatu? Alhamdu lillahi, ba nisa. Ga jami'ar kimiyya da fasaha ta Jihar Kebbi a Aliero, wadda aka kafa a 2006, yanzu ake kiranta da sunan Abdullahi Fodiyo. Ga Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, ta 2013. Ga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, tun 1975. Kuma don ku san karatun ba na baya ba ne, Farfesa Riskuwa Arabu Shehu da ya shugabanci jami'ar Sakkwato daga 2009 zuwa 2014, da Farfesa Lawal Suleiman Bilbis da ya shugabance ta daga 2019 zuwa 2024, dukansu masana Bayokemistiri ne.

Hanyar shiga ita ce yaro ya sami kiredit biyar a jarrabawar gama sakandare: Ingilishi, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fizis. Sannan ya zauna jarrabawar JAMB, wadda da kwamfuta ake yin ta, ya ɗauki Ingilishi da Bayoloji da Kemistiri, sai Fizis ko Lissafi gwargwadon abin da jami'ar ta nema. Karatun shekara huɗu ne. Shekarar farko maimaicin kimiyyar sakandare ce a zurfafe. A ta biyu ake shiga ainihin abin, kuma a nan ne wanda bai riƙe Kemistiri da kyau ba yakan sha wuya, domin akwai hadda, akwai lissafi, akwai tsayuwa a ɗakin gwaji. Kafin a gama, ɗalibi zai tafi koyon aiki na wasu watanni a masana'anta ko asibiti ko cibiyar bincike. A shekarar ƙarshe ya yi nasa binciken ya rubuta, sannan bautar ƙasa. Game da kuɗi, tun 2024 gwamnatin tarayya ta fara ba ɗalibai bashin karatu marar ruwa ta asusun NELFUND, ana nema bayan an sami shiga.

Yanzu ga maganar da ta fi damun iyaye, wato aiki. Zan faɗa muku gaskiya. Wanda ya gama Bayokemistiri ba likita ba ne. Ba shi da izinin duba marar lafiya, ko rubuta magani, ko yin allura. Idan ɗanku ya dawo yana yi wa mutane haka, ku hana shi, yana iya kashe wani, kuma doka za ta hau kansa. Haka nan aikin gwajin jinin marasa lafiya a asibiti yana da nasa karatu daban na shekara biyar, da lasisi daga hukumarsa. Digirin Bayokemistiri kaɗai ba ya ba da wannan lasisi. Mai son wannan aiki ya san haka tun kafin ya cika fom.

Inda ake bukatarsu akwai hukumar NAFDAC mai kula da ingancin abinci da magunguna, da hukumomin ruwan sha, da masana'antun abinci irin na casar shinkafa da ke Argungu da Birnin Kebbi, da kamfanonin magani, da cibiyoyin bincike. A irin wannan cibiya ta Abuja ne, a shekarun 1990, aka ɗauki wani haɗin gargajiya mai masoro da kanumfari da karan dafi, aka auna shi aka gwada, ya zama maganin Niprisan mai rage tashin sikila. Ba ina cewa ku je ku haɗa a gida ba, awon da gwajin su ne aikin. Akwai kuma koyarwa, kuma sakandarorin karkara na kukan rashin malaman Kemistiri. Amma masu digirin suna da yawa, guraben ba su kai su ba. Wanda na ga yana tsira shi ne wanda hannunsa ya iya aiki, wanda bai yi wasa da watannin koyon aiki ba. Irinsa ko bai sami na gwamnati ba, yakan iya haɗa abincin kaji, ko sabulu, ko sarrafa madara, ko busar da albasa ya niƙa ta gari, ya nemi rajistar NAFDAC ya sayar.

'Ya'ya mata ma haka. Karatu ne da ke son natsuwa da tsabta da haƙuri, kuma jami'ar tana kusa da gida, uba na iya zuwa ya dubo 'yarsa ya dawo a yini guda.

Shirin kuwa tun daga aji uku na ƙaramar sakandare yake farawa, domin da an shiga babbar sakandare ake raba yara, 'yan kimiyya da waɗanda ba 'yan kimiyya ba. Yaron da bai shiga ajin kimiyya ba a lokacin, ƙofar ta rufe masa, sai da wahala. Saboda haka ku ɗaliban yaƙi da jahilci, ga inda karatunku zai yi aiki. Ku karɓi takardar sakamakon yaro ku duba da kanku, ku ga nawa ya ci a Lissafi da kimiyya. Ku je makaranta ku tambayi shugabanta ko akwai malamin Kemistiri da na Fizis, kuma ko yara na taɓa kayan gwaji da hannunsu ko a allo kawai ake zana musu. In babu, ku kai maganar taron iyaye da malamai. Sannan ku yi wa yaro lambar ɗan ƙasa ta NIN da wuri, domin ba a rajistar JAMB sai da ita. Ku tabbata sunansa da ranar haihuwarsa iri ɗaya ne a kanta da kan takardun makaranta, harafi da harafi.

Ranka ya daɗe, a nan zan dakata. Mai tambaya ya ɗaga hannu, kuma a fara da ɓangaren mata.